Asibiti Na Ɗaya a Duniya: Na Ɗaya a Me?

Wata Asabar da asuba, a agogonmu na nan Amurka, waya ta tashe ni. Yayana ne daga Kano. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Duba WhatsApp, na turo maka takarda. Likitoci sun ce wankin ƙodar Baffa ba zai ɗore ba, sai dashe. Akwai wani mai haɗa wa mutane tafiya asibitin waje, ya ce wannan wurin shi ne na ɗaya. Kai da kake can, duba mana kafin mu sayar da filin."

Takardar shafi huɗu ce. Ga hoton bene na gilashi, ga likitoci shida sun harɗe hannuwa a ƙirji suna murmushi, can ƙasa kuma an jera tambura bakwai masu ruwan zinare kamar lambobin ƙirjin janar. Na karanta ta sau biyu. Babu inda aka rubuta dashen ƙoda nawa suka yi bara, balle a ce mutum nawa ne a cikinsu ƙodar ke yi wa aiki har yau.

Na kira shi na ce, "Yaya, na ɗaya a me?"

Ya yi jim. "Na ɗaya dai. Ba ka ga tamburan ba?"

Ban ga laifinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin da nake gani yana wuyan masu ƙera waɗannan tambura da masu rataya su, kuma tushen sana'ar tasu a ƙasar da nake zaune yake.

Matsayina tun daga farko shi ne, a auna aikin asibiti, a auna shi da kyau, a buga sakamakon kowa ya gani. Amma a dunƙule asibiti mai gado dubu da sassa arba'in a mayar da shi lamba guda, a ce wannan na ɗaya, wancan na tara, wannan talla ce aka sa wa rigar ilimi. Asibitin take amfana. Mara lafiya kuwa sau da yawa ɓatar da shi take yi.

Inda abin ya faro

Uwar wannan harka ita ce mujallar U.S. News & World Report, wadda ta fara fitar da jerin gwanayen asibitocin Amurka a 1990. A karon farko ba wani dogon lissafi aka yi ba. Likitoci aka tambaya: wane asibiti kuke ganin ya fi a fanninku? Abin da suka faɗa shi ne ya zama jerin. Daga 1991 zuwa 2011, shekara 21 a jere, asibitin koyarwa na Johns Hopkins da ke Baltimore ne ke zuwa na ɗaya. Bayan nan aka ɗan yi karɓa-karɓa da Massachusetts General na Boston, sai Mayo Clinic ta jihar Minnesota ta riƙe kambun daga 2016 zuwa 2022.

A hankali an riƙa ƙara alƙaluma a cikin lissafin, irin su yawan waɗanda suka rasu da yawan ma'aikatan jinya. Duk da haka, a 2010 wani likita mai suna Ashwini Sehgal ya zauna ya warware lissafin dalla-dalla, ya nuna cewa a sahun gaba suna ne ke jan akala, alƙaluman ba su cika sauya matsayin kowa ba.

To ka duba mana. Likitan da ke aiki a Texas, me ya sani game da yadda ake juya mara lafiya da ƙarfe uku na dare a wani ɗaki a Baltimore? Iyakar saninsa sunan da ya ji tun yana ɗalibi, da takardun binciken da ya karanta, da jerin bara. Jerin bara ya haifi sunan bana, sunan bana ya haifi jerin baɗi.

A yi musu adalci: mujallar ta rage nauyin da take ba ra'ayin likitoci, kuma a 2023 ta daina sa wa manyan asibitocin sahun farko lamba, ta jera su bisa haruffa kawai. Ni dai a wurina wannan amsa laifi ne a fakaice, cewa tsakanin na uku da na bakwai babu wani abin a zo a gani. Sai dai allunan da ke bakin hanya ba su ji wannan labari ba. Har gobe suna nan, "na ɗaya a jiha," "na ɗaya a gari."

Ma'auna huɗu, buhu ɗaya

Ka ɗauka ka kai buhun gero Dawanau. Ma'auni na farko ya auna ya ce tiya arba'in. Na biyu ya ce talatin. Na uku ya ce ai wannan ko gero ba ne. Ba za ka tsaya gardamar wanda ya fi gaskiya ba, tiyar kowannensu za ka ce a fito da ita.

Kusan haka ta faru a 2015. Wasu masu bincike, da J. Matthew Austin a gaba, suka kwatanta manyan masu auna asibitocin Amurka guda huɗu: U.S. News, Leapfrog, Healthgrades da Consumer Reports. Suka buga sakamakon a mujallar Health Affairs. Babu asibiti ko ɗaya da duka huɗun suka yarda gwani ne. Cikin asibitoci 844 da aƙalla ɗayansu ya yaba, kashi 10 cikin 100 ne kacal suka samu yabon wani na biyu.

A 2016 gwamnatin tarayyar Amurka ta shigo da nata ma'aunin, taurari daga ɗaya zuwa biyar. Asibitoci 102 ne suka samu biyar, kuma da yawa daga manyan asibitocin koyarwa da duniya ta san sunansu ba sa ciki. Ƙananan asibitoci masu tiyata iri ɗaya ko biyu, waɗanda ba sa karɓar kowane irin mara lafiya, su suka yi ta kwasar taurari. Manya suka yi ca, suka ce an zalunce su don su ne ke karɓar wanda ciwonsa ya gagari kowa da talakan da ba shi da inshora. Suna da gaskiya. Abin da ya ba ni dariya shi ne, lokacin da wani ma'aunin ya ɗora su a sama, ba mu ji sun ce a duba tiyar ba.

Har su masu aunawar ma an auna su. A 2019 wani rukunin masana ya ba su maki irin na makaranta. U.S. News ta samu B, taurarin gwamnati C, Leapfrog ƙasa da C kaɗan, Healthgrades kuma D da ɗan ɗori. Babu wanda ya samu A.

Dalilin saɓanin ba boyayye ba ne. Wani yana duba ƙwarewa a kan ciwo mai wuya, wani yana duba kuskure da kamuwa da cuta a cikin asibiti, wani yana tambayar marasa lafiya ko an yi musu magana da ladabi. Kuma mafi yawan alƙaluman daga takardun neman biyan kuɗi na Medicare ake ciro su, wato inshorar gwamnati da galibin masu ita 'yan shekara 65 ne zuwa sama. Mace mai naƙuda 'yar shekara 28 ba ta cikin wannan lissafi.

Akwai kuma wani lungu da ba kowa ya sani ba. Don a yi adalci, ana kwatanta yawan waɗanda suka rasu a asibiti da yawan waɗanda ake sa ran za su rasu bisa tsananin ciwonsu. Tsananin ciwon kuwa daga abin da aka rubuta a fayil ake gane shi. Saboda haka asibitin da ya ɗauki ƙwararrun ma'aikata suna bin fayil layi-layi, suna tabbatar da an rubuta kowane ƙaramin ciwo da mutum ya zo da shi, marasa lafiyarsa za su fito a takarda kamar sun fi na maƙwabcinsa jigata. Makinsa ya tashi, alhali ko rai ɗaya bai ƙara cetowa ba. Wannan ba ƙarya ba ce, iya rubutu ne. Amma iya rubutu da kuɗi ake sayensa.

Daren da na kwana ƙarƙashin allo

Shekara biyu da suka wuce, ciwon ciki ya tayar da maiɗakina cikin dare. Na ɗauke ta muka nufi wani asibitin jami'a, irin wanda sunansa kaɗai ke sa hankali ya kwanta. A bakin sashen gaggawa akwai wani ƙaton kyalle da ya sauko tun daga hawa na uku, an rubuta cewa suna cikin gwanayen ƙasa. Ta gilashin ɗakin jira ina hango shi.

Awa bakwai muka yi a kan kujerar roba. Ta gaji da zama ta durƙusa ta kifa kai a kan kujerar. Kusa da mu wani dattijo ne riƙe da tawul a goshi, jini ya bushe a kai. Sau uku ina zuwa wajen tagar karɓar baƙi, sau uku ana ce min ana sane da mu. Wadda ta cece mu wata nas ce da ta zo wucewa da kofin shayi a hannu. Ta kalli fuskar matata, ta ajiye kofin a kan taga, ta kama wuyan hannunta na 'yan daƙiƙu, ta juya ta ɗaga murya. Cikin minti goma an samu gadon da aka ce babu.

Washegari aka yi tiyata a hawa na biyar, kuma wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba. Likitan ya zauna ya zana min a takarda abin da ya yi, ya amsa tambayata har wadda ni kaina na san ta wauta ce.

To wanne ne asibitin? Hawa na biyar, ko ƙasa inda ya fi kama da tashar mota ranar jajibiri? Kyalle ɗaya ne ya rufe su duka.

Kada a ce ƙorafin baƙo ne. A watan Fabrairun 2001, lokacin da Johns Hopkins ke tsakiyar shekarunsa 21 na zama na ɗaya, wata yarinya 'yar wata 18 ta rasu a can. Ƙuna ta kai ta, tana ma samun sauƙi. Ƙarancin ruwa a jiki da kuskuren magani suka kashe ta, bayan mahaifiyarta ta yi ta cewa yarinyar nan ba daidai take ba. Asibitin ya amsa kuskurensa, kuma abin da ya biyo baya ya fi kowane kambu daraja. Wani likitansu, Peter Pronovost, ya dage a kan wata 'yar takarda mai matakai biyar da za a bi kafin a sa wa mara lafiya robar da ake zurawa cikin babbar jijiya: a wanke hannu, a goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rufe jiki ruf, a guji matsematsi, a cire robar da zarar an gama da ita. Ya kuma ba nas ikon tsayar da likita idan ya tsallake mataki. Da aka gwada wannan a ɗakunan kulawa ta musamman fiye da 100 a jihar Michigan, kamuwa da cutar jini ta wannan hanya ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Wanke hannu. Ba a yi wa wannan kyalle.

"Ai dai manyan asibitocin koyarwa sun fi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. A 2017 an buga wani bincike a JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, da ya duba kwanciyar asibiti fiye da miliyan 21 a Amurka. Waɗanda suka rasu cikin kwana 30 a manyan asibitocin koyarwa kashi 8.1 ne cikin 100, a asibitocin da ba na koyarwa ba kuwa 9.6. Ko bayan an yi la'akari da bambancin marasa lafiyar, ratar ba ta ɓace ba. In ka ji wane, ba banza ba.

Tun 2002 ma John Birkmeyer da abokan aikinsa sun nuna abin da kowane mai sana'a ya sani, cewa hannun da ya saba ya fi. A tiyatar cire fankiriyas, wato sashen cikin nan da ke samar da insulin, asibitocin da ba su cika yin ta ba suna rasa kusan mutum 16 cikin 100, waɗanda suka saba kuwa ƙasa da 4.

Amma ka lura da abin da wannan ke koyarwa. Bai ce ka nemi na ɗaya a jeri ba. Cewa ya yi ka tambaya: wannan aikin da za a yi min, sau nawa kuke yin sa a shekara? Tambaya ce da ake amsawa da lamba ɗaya, kuma ba ta buƙatar mujalla. Mai gyaran mota da ya ƙware a kan injin Toyota ba lallai ya iya giyar Marsandi ba, ko da garejinsa ne mafi suna a Kofar Ruwa.

Suna kuma ba ya bin reshe yadda ake zato. A 2018 jaridar Tampa Bay Times ta bankaɗo cewa a wani asibitin yara da ke jihar Florida, wanda ke ɗauke da sunan Johns Hopkins, kusan yaro ɗaya cikin goma da aka yi wa tiyatar zuciya a 2017 ya rasu, ninki uku na abin da yake shekara biyu kafin nan. Iyayen da suka kai 'ya'yansu sunan suka bi. Shugabannin asibitin sun sauka bayan rahoton.

"Gasa ce ke sa a gyara"

Tana sa a gyara, gaskiya ne. Tambayar ita ce, me ake gyarawa?

Duk wanda ya san makarantun kuɗi ya san dabarar. Makaranta na son ta rubuta a allo cewa ɗalibanta duka sun ci jarrabawar WAEC. Hanya mai wuya ita ce a koyar da mai rauni har ya ci. Hanya mai sauƙi ita ce a kira mahaifinsa a ce ya je ya yi masa rajista a wata cibiyar. Sakamako ya yi kyau, yaron kuma yana nan yadda yake.

Jihar New York ta fara buga sakamakon tiyatar zuciya tun farkon shekarun 1990, har da sunan kowane likita. Mace-mace sun ragu, kuma wasu likitocin da sakamakonsu ya yi muni sun bar aikin. Wannan nasara ce. Amma da aka tambayi likitocin zuciya na jihar a wani bincike da aka buga a 2005, mafi yawansu sun amsa cewa tsoron lissafin yana shiga cikin shawararsu ta taɓa mara lafiyar da ke bakin mutuwa ko ƙyale shi. Wanda ya fi kowa buƙatar gwani shi ne gwani ke gudu.

Mafi tayar da hankali shi ne abin da kafar ProPublica ta wallafa a 2019 game da asibitin Newark Beth Israel a jihar New Jersey. Wani da aka yi wa dashen zuciya bai farfaɗo ba, ƙwaƙwalwarsa ta samu mummunar illa. A wani taron ma'aikata da aka naɗa a ɓoye, an ji ana maganar a riƙe shi da rai har ya cika shekara guda, saboda da adadin waɗanda suka kai shekara ake auna sashen dashe. Danginsa sun ce ba a zauna an faɗa musu gaskiyar halin da yake ciki ba. Ga mu kuma da Baffa, muna neman wurin dashe.

Ba ina cewa a daina ƙirga ba. Ina cewa duk lambar da aka ɗora wa kambu da kuɗi, sai an samu mai yi mata kwalliya. In an rage girman kambun, an rage kwaɗayin.

Wa ke biyan mai busa?

Tambarin nan da kake gani a allo da shafin intanet na asibiti ba kyauta ake liƙa shi ba. Asibitin da ya samu shiga jeri, in yana son amfani da tambarin a talla, sai ya biya kamfanin da ya fitar da jerin kuɗin izini. Wato wanda ya ba ka maki shi ne kuma zai sayar maka da takardar shaidar makin.

A watan Yunin 2023 lauyan birnin San Francisco, David Chiu, ya rubuta wa U.S. News yana neman bayani a kan wannan kuɗi da kuma yadda suke lissafi. Kamfanin ya ce masu auna asibiti daban, masu harkar kuɗi daban, kuma a farkon 2024 ya kai lauyan ƙara yana cewa ana yi wa 'yancin aikin jarida katsalandan. Ban ce ana sayen matsayi ba. Amma a garinmu, maroƙin da ke cin abinci a gidan wanda yake wasawa, ba a kiransa shaida.

A cikin wasiƙar akwai abin da ya tsaya min a rai. Ya nuna cewa a lissafin asibitocin yara, kula da wata cutar huhu ta gado da ta fi kama Turawa tana da maki mai yawa fiye da kula da sikila, alhali masu sikila a Amurka, kimanin mutum 100,000, sun ninka masu waccan cutar. Duk Bahaushen da ya taɓa kwana yana danna wa ƙaninsa ƙafa da ruwan ɗumi ya san abin da wannan ke nufi. Wani ne ya zauna a ofis ya yanke cewa wannan ciwo maki kaza, wancan maki kaza. Asibiti kuma inda maki yake can zai zuba kuɗi.

A wannan watan ne kuma rukunin asibitocin Jami'ar Pennsylvania ya sanar cewa ya daina ba mujallar bayanai, ya daina sayen tambarinta, yana cewa lissafin ya maƙale a kan masu kwanciya alhali yawancin jinya yanzu ba a gado ake yin ta ba. Watanni kafin nan, makarantar likitanci ta Harvard ta janye daga jerin makarantu, wasu manya suka bi ta. Waɗannan ba waɗanda suka faɗi ba ne balle a ce haushi ne. Suna sama suka ce sun gaji.

"Kai da ka fito daga inda ba a ƙirga komai"

Wani abokina likita a Zariya, da na yi masa wannan ƙorafi, dariya ya yi. Ya ce, "Malam, kana kukan ma'auni ya karkace, mu nan ina ma'aunin? Da babu gara ba daɗi."

Maganarsa ta zauna min. A wurinmu yadda ake zaɓar asibiti shi ne a tambayi wanda ya taɓa zuwa, ko a ji ana cewa likita wane hannunsa na da kyau. In ka duba, wannan shi ne dai jerin 1990, ba a buga shi a mujalla ba ne kawai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa kowane asibiti a Najeriya sai ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida, amma mai jinya da ke kwana a kan tabarma a baranda, abin da yake son sani daban ne. Manyanmu kuwa sun daɗe da kaɗa tasu ƙuri'ar da tikitin jirgi: Jidda, Landan, Alƙahira, Delhi.

Sai dai abin da muke buƙata ba kambu ba ne, kuma ina tsoron ranar da za mu kwaikwayi kyallen mu bar ƙirgar. Mun iya bikin ba da lambar yabo a otal, wannan ba sai an koya mana ba.

Wanda ya kamata mu kwaikwaya wani likitan tiyata ne na Boston, Ernest Codman. Fiye da shekara ɗari da suka wuce ya zo da wata magana mai sauƙi: kowane mara lafiya a bi shi har shekara guda bayan sallama, a ga ko aikin ya yi, in bai yi ba a rubuta dalili. Abokan aikinsa a Massachusetts General ba su so ba, wanzami ba ya son jarfa. Ya bar su a 1914. A ƙaramin asibitinsa na kansa ya buga sakamakon marasa lafiya 337 da ya duba tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123, da hannunsa, da sunansa. Ya rasu a 1940 ba shi da wani abin kirki, kabarinsa ko alama babu sai a 2014.

Wannan shi ne abin da nake nema daga kowane asibitin koyarwa, na Baltimore ko na Kano. Sashe-sashe, aiki-aiki: mun yi kaza, kaza sun rasu, kaza sun dawo da ciwon ya ruɓe, ga irin marasa lafiyar da muka karɓa. A haɗa da nas nawa ke kula da gado nawa da dare, domin binciken Linda Aiken na 2002 ya nuna duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Irin wannan takarda ba ta da kyan gani, ba ta hawa allo. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Da a ce duk masu dashe, na gida da na waje, suna ajiye irin wannan lissafi a fili, da Yaya ya ɗora su gefe da gefe kafin ya nemi dillalin fili.

Shaidar cika ƙa'ida, irin ta JCI, hukumar Amurka mai duba ingancin asibitoci a ƙasashen duniya, wadda asibitocin Indiya da Dubai ke yawan nunawa, ita ma tana da amfaninta. Tana nuna an zo an duba cewa akwai tsari: ana tantance mara lafiya kafin a ba shi magani, ana ƙirga kayan aiki kafin a ɗinke ciki. Lasisin tuƙi ne. Ba ya gaya maka direban ya taɓa bin hanyar Birnin Gwari da dare.

Daga ƙarshe tambaya biyar na rubuta wa Yaya, na ce ya tura wa mai haɗa tafiyar. Dashen ƙoda nawa sashen ya yi bara? Cikinsu nawa ne ƙodar ke aiki bayan shekara guda? Wane likita ne zai yi aikin da hannunsa, kuma nawa ya yi? Mai ba da ƙodar, wa zai duba lafiyarsa bayan an dawo gida? In jiki ya fara ƙin ƙodar a Kano da tsakar dare, lambar wa za a kira?

Kwana biyu shiru. A na uku mutumin ya amsa. Ya sake turo takardar nan mai shafi huɗu, ya zagaye tamburan da jan layi, ya ƙara da cewa in aka biya kafin ƙarshen wata akwai ragi.

Yaya ya kira ni da daddare. Ya ce ya nuna wa likitan Baffa tambayoyin, likitan ya ba shi sunan wasu wurare biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ya ce a tura musu su ma. Ɗaya ya riga ya amsa uku daga ciki, da lambobi.

Na ce, "Filin fa?"

Ya ce, "Yana nan tukuna."